Tambayi Mai Lambu: Furen Kan Tsauni a Zafin Sakkwato

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun taru a kan dangin albasa, sai na ɗebo uku. Masu tambayar tsutsar tumatir su yi haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba Mai Lambu, ina wuni, ya ƙarfin jiki? Ni malamar aikin gona ce a wata makarantar 'yan mata. Yayana da ke zaune a Ingila ya turo mini bidiyon wani baje kolin furanni da ya je a watan Oktoba. Tebura ne jere reras, an ɗora tukwane, kowace tukunya da ɗan tsironta kamar an zana shi da hannu. Ya ce tsirran kan tsauni ne da dangin albasa, kuma gasa ake yi har da lambar yabo. Abin ya shiga raina ƙwarai. Ina so mu yi irinsa a makarantarmu da kaka mai zuwa, shi kuma ya ce zai taho mini da iri idan zai zo hutu. Waɗanne zan ce ya sayo, kuma yaya ake shirya tsiro don gasa? Wata malama, Mabera.

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, jiki alhamdulillahi, sai gwiwa da ke yi mini gardama da safe. Ki fara da gaya wa yayanki ya riƙe kuɗinsa, ko ya sayo wa yara takalma. Gasar kuwa kar ki fasa. Bari in ba ki labari tukuna, daga baya ki ga dalilina.

Na taɓa shiga irin wannan zaure sau ɗaya, shekarun baya da na je duba jikoki. Maƙwabcin ɗana, wani dattijo sa'ana, yana cikin masu kai tsiro. Da ya ji aikina lambu ne, sai wata Asabar da asuba ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in zo in taya shi riƙo. Ya ɗora mini wata tukunyar yumɓu a cinya, nauyinta kamar tulu cike da ruwa, ya ja mota a hankali kamar wanda ya ɗauko amarya. Kowane rami sai ya rage gudu ya waiwayo, ba ni yake dubawa ba, tukunyar yake dubawa. Saikilamin ne a ciki, wani tsiro mai faffaɗar saiwa a ƙasa kamar faifai. Furanninsa ruwan hoda sun rufe bakin tukunyar gaba ɗaya, kowane fure ya lanƙwashe kunnuwansa baya kamar zomo a guje. Ya ce da hannunsa ya shuka irin, sama da shekara ashirin da suka wuce.

Zauren bai fi ɗakin taron makarantarku ba. Abin da ya tsayar da ni wata tsohuwa ce da ta sunkuya kan tukunyarta da hantsaki, irin na cire ƙaya, tana tsince busassun furanni ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ta ɗauko ɗan buroshi ta share tsakuwar da ke saman ƙasa, ta goge jikin tukunyar da tsumma, ta ja da baya ta karkata kai ta duba, ta dawo ta juya ta kaɗan. Can aka ce kowa ya fita, alƙalai za su shiga. Muka je muka sha shayi. Da muka dawo an liƙa ɗan jan tambari a katin duk wanda ya zo na ɗaya. Maƙwabcinmu na biyu ya zo, bai yi mini magana ba har muka kusa gida.

Wannan al'ada tana da masu riƙe da ita. A Ingila akwai ƙungiyar Alpine Garden Society da aka kafa a 1929, a Sikotlan kuma akwai Scottish Rock Garden Club ta 1933. Ta farko tana ba tsiron da ya fi kowane kyau a gasa lambar Farrer, sunan Reginald Farrer, wanda ya rasu a 1920 a tsaunukan Bama yana yawon neman tsirrai. Ta biyu tana ba da lambar Forrest, sunan George Forrest, mutumin da ya samo wani shuɗin fure na kaka a lardin Yunnan na ƙasar Sin, jenshiyan, wanda har yau ake jera shi a teburan Oktoba. Suna da rukunin sababbin shiga, da na tsaka-tsaki, da na gwanaye. Tukunya ma da awonta: ƙarama kar ta wuce santimita 19, babba kar ta wuce 36. Kuma dole tsiron ya yi aƙalla wata shida a hannunka, don kar wani ya saya jiya ya zo yau yana baza riga.

To, me ya sa na ce kar a sayo? Abin da yayanki ya gani iri biyu ne, kuma kowanne da dalilin da ya sa ba zai zauna da mu ba.

Na farko su ne 'yan kan tsauni na ainihi. Turawa na kiransu alpine, asalin sunan daga tsaunukan Alps ne na Turai, amma ana nufin duk tsiron da ke rayuwa can sama inda itace ba ya iya fitowa don sanyi. Wata da watanni suna kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ita ce bargonsu. In ta narke sai su yi maza su yi fure su zuba iri kafin sanyi ya dawo. Shi ya sa suke gajeru, wasu a dunƙule kamar curin fura, saiwarsu kuma cikin tsakuwa inda ruwa ba ya kwanciya. Rana tana dukansu sosai, amma iskar wurin mai sanyi ce, dare kuma ya fi. Duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri shida da rabi. Sakkwato kuwa tudunta bai fi mita ɗari uku ba, kuma kin san abin da Afrilu ke yi mana, ma'auni ya haura arba'in, ƙarfen ƙofa ma sai da tsumma. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne, shi ma ba ya ganin dusar ƙanƙara. A lambun Kew da ke Landan sai da aka gina wa waɗannan tsirrai ɗakin gilashi na musamman a 2006, wanda aka tsara shi don sanyayyar iska ta riƙa ratsa su. Abin da Landan ta yi wa zafi, me zai ce da Mabera?

Na biyu su ne dangin albasa masu furen kaka, kuma su ne suka fi cika tebur a Oktoba: saikilamin ɗin da na riƙe, da kurokus, da kolcikum, da wani rawaya da ake kira sitanbajiya. Yawancinsu 'yan ƙasar Girka ne da Turkiyya da Iran. Su kam sun san zafi, don barci suke yi a ƙasa duk tsawon lokacin zafinsu. Sai ƙasa ta fara hucewa, ruwa ya sauka a Satumba ko Oktoba, sannan su farka. Nan ne mutum zai ce ai za su yi a wurinmu. Ni ma haka na ce. Amma ki lura da wannan: su ruwansu da sanyi yake zuwa, zafinsu busasshe ne. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa, sanyinmu ne busasshe. Lokacin da albasar ke son ta kwanta a bushe, daminarmu ta jiƙa ta da ruwa mai ɗumi, sai ta ruɓe. Lokacin da take son sanyi mai tsawo ta yi ganye ta tara abinci, hunturunmu wata uku ne ya wuce.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Dattijon nan ya ba ni irin saikilamin a 'yar takarda. Na jiƙa shi, na shuka a Disamba, na rufe shi a duhu bayan randa. Bakwai suka fito, kowanne da ganye ɗaya mai zanen azurfa, faɗinsa bai kai farce ba. Har baƙi nake kai wa su gani. Maris ya shigo, suka fara langaɓewa. Kafin ƙarshen Afrilu na tona na tarar da 'yan saiwoyin sun zama kamar dafaffen wake. Daga baya ma na gane ashe shigo da iri ko tsiro ƙasar nan sai da takardar hukumar killace tsirrai da dabbobi, NAQS, kuma saikilamin da sitanbajiya suna cikin tsirran da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido wajen ƙetare iyaka, saboda yadda aka riƙa tone su daga daji ana sayarwa. Kar ki jefa yayanki cikin wannan dogon bayani a filin jirgi.

Abin da ya kamata ki ɗauko daga bidiyon nan shi ne hannun tsohuwar mai hantsaki. Tsirran kuwa muna da namu, raina su kawai muka yi. Ki tambayi kakarki albasar kwaɗi, mai farin fure da jan zane a tsakiya, wadda ke fitowa a fadama da ruwan farko. Ki tambaye ta hatsin manoma, mai farin fure da ke buɗewa da yamma. Akwai rumana. Akwai baurera mai hawa jikin ciyawa, furenta ja da rawaya kamar harshen wuta, wadda Turawa ke saye da tsada su reno a ɗakin gilashi. Duk waɗannan barci suke yi da rani su farka da damina, dabara ɗaya da ta 'yan uwansu na Turkiyya, kalandar ce kawai ta bambanta. In kuma tsiron dutse kike so, ga karan masallaci, ga zabuwa, ga kariya mai ƙaton gindi da ke yin fure lokacin da komai ya bushe.

Saboda haka ranar gasa ce abu na farko da za ki gyara. Oktoba a Sakkwato ba lokacin fure ba ne. Ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya taso, 'yan damina sun gama, 'yan hunturu ba su fara ba. Ni da ni ne ke, ƙarshen Janairu zan sa, ko makon farko na Fabrairu, yara suna makaranta, safiya da sanyi. Sai ki yi lissafi da baya. Rumanar Turawa da masu sayar da furanni ke kira giladiyolas tana ɗaukar kwana 70 zuwa 100 daga shuka zuwa fure, kenan farkon Nuwamba za a binne ta, kuma kar a binne duka rana ɗaya, a raba uku, mako-mako, don ko wani ya yi sauri wani ya dace. Amarilis, mai ƙatuwar albasa da fure kamar bakin kakaki, mako shida zuwa takwas take yi bayan an tashe ta da ruwa. 'Yan daji irin su albasar kwaɗi kuma ki ware musu wata rana a Yuni ko Yuli, ko da a baranda ce.

Kar kuma ki manta da sarauniyar garin. Mu da muke loda wa motoci albasa zuwa Kudu, a ce mun yi gasar dangin albasa babu ita? Ki buɗe rukuni biyu. Ɗaya na albasa uku a faranti, girmansu ɗaya, wuyansu a bushe, ɓawonsu bai fashe ba. Ɗaya na albasa mai fure a tukunya. Yawancin 'yan birni ba su taɓa ganin furen albasa ba, farin dunƙule ne a kan dogon kara, ƙudan zuma na rububinsa. Manoman Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo da ke fitar da iri sun san shi sarai, albasar bara suke mayarwa ƙasa da kaka ta yi kara da hunturu. A wurin ɗaya daga cikinsu na koyi abin da ya fi amfanar da ni a wannan harka. Ina saurayi sabon fitowa daga makarantar aikin gona, na ga albasarsa a rudu ta bushe ƙamas, na ce ko a ɗan yayyafa mata ruwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, kwana takai, kak ka tashe ta." Duk abin da ke da albasa a ƙasa, in ganyensa ya yi rawaya ya kwanta, a janye ruwa.

Batun tukunya. Ki je wurin maginan tukwane ki sa a yi miki na yumɓu, a huda gindin tun yana ɗanye, hudar da babban yatsa zai shiga. Roba tana dafa saiwa a ranarmu. Ƙasa kashi ɗaya, rairayin gulbi mai gautsi kashi ɗaya, ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, sai ɗan taki da ya ruɓe sarai har ya daina wari, da ɗan dakakken gawayi. In kin zuba ruwa ya tsaya a sama ya fi ƙirga goma, ƙara tsakuwa. A saman kuma a shimfiɗa wankakkiyar tsakuwa mai launi ɗaya, tana hana laka fantsama wa ganye, tana kuma fito da kyan tsiron. Wani abu da ya ba ni dariya a gidan dattijon nan, tukwanensa duka a binne suke har wuya cikin jiƙaƙƙen rairayi don saiwa ta yi sanyi, yana yi mini bayani kamar wani sabon ilimi. Na ce masa haka uwata ke girke randa. Dabarar ce kuma Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ɗauka ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki yi wa tukwanen ɗalibanki haka a inuwar da rana ke shiga da safe kawai. Kowace yarinya ta riƙa juya tata kaɗan duk bayan kwana biyu, in ba haka ba tsiron zai karkata gefe ɗaya yana bin haske.

Alƙalai ki ɗauko su daga waje, mutum uku, kar a sa malamin da ke da 'ya a ciki. A kife katin suna sai an gama. Su duba lafiyar tsiro, da yawan furen da ya buɗe, da tsabtar tukunya, da ko an rubuta sunansa daidai, na Hausa da na kimiyya. Dokar wata shida kuwa ki rage ta zuwa wata biyu a shekarar farko, amma ki rubuta wa ya shuka me tun ranar shuka, don na san iyayen yanzu.

Abu biyu da ba na wasa ba. Baurera guba ce daga saiwa har fure, ruwan kariya ma haka, da shi ake dafin kibiya a da. A gaya wa yara, a wanke hannu, kar a bar 'yan ƙanana kusa. Sannan kar ki tura aji guda daji da fartanya su tone fadama. Ki nemi 'ya'yan da suka fito a gefen uwa wurin masu su a gida, ko ki jira iri ya nuna. In kun sa rana ki aiko mini ta hannun edita, in gwiwa ta yarda zan zo.

TAMBAYA: Malam Mai Lambu, barka da aiki. Abokina ya kawo mini albasar tulif guda ashirin daga Turkiyya. Na shuka a Nuwamba, ina ba su ruwa safe da yamma. Wasu sun yi ganye biyu suka tsaya, wasu ko fitowa ba su yi ba. Taki ne bai isa ba? Wani magidanci, Arkilla.

AMSA: Alhaji, barka kadai. Taki ba shi da laifi. Tulif, wanda Turkawa ke kira lale, sai dai bai yi mana lale ba, yana bukatar mako 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai kai digiri tara ba kafin karan furen da ke cikin albasar ya miƙe. Hunturunmu ba ya kai nan. Waɗanda ba su fito ba kuwa ruwan safe da yamma ne ya ruɓar da su, tona ka gani. In ka nace, sai a samo sababbi a Satumba, a sa su a jakar takarda a ƙasan firij inda ake ajiye kayan miya, ba wurin ƙanƙara ba, nesa da ayaba da tuffa don iskar da suke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. A fito da su a Disamba a shuka a inuwa. Wannan fa sai gidan da wuta ba ta yankewa wata uku cur. Ko ya yi, furen kwanaki kaɗan ne, kuma baɗi ba zai sake ba. Ni dai da kuɗin zan sayi amarilis biyar.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a jami'a. Na ji an ce za'afaran ya fi kowane kayan ƙamshi tsada a duniya kuma daga albasa yake fitowa. Muna da fili a ƙauyenmu wajen Kware, ina so in gwada. Wani ɗalibi, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne. Za'afaran ɗan gidan kurokus ne, cikin 'yan kakan da na ambata wa malama a sama. Furensa shunayya ne, yana buɗewa a Oktoba zuwa Nuwamba, kowane fure da jajayen zare uku a tsakiya, su ne kayan. Da hannu ake tsinka da sassafe, da hannu ake zare zaren, kuma sai an tara fure kamar 150,000 kafin a sami kilo ɗaya busasshe. Tsadar daga nan take. Ba ya yin iri ko kaɗan, sai dai a raba 'ya'yan albasar. Kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da duniya ke amfani da shi daga Iran yake fitowa, yawanci yankin Khurasan, inda hunturu ke da sanyi mai tsanani. A Afirka, Maroko ce ta fi nomansa, can ma a kan tsaunuka wajen garin Taliwin. Kware ba ta da wannan sanyi, daminarta kuma za ta ci albasar tana barci.

Ka kuma yi hattara da masu tallar iri a intanet. Akwai kolcikum mai kama da shi ƙwarai, shi ma da kaka yake fure, har a kan tebur ba ƙasa ba ruwa yana iya buɗewa. Guba ce mai kisa, sinadari ɗaya ne da na baurera, wanda likitoci ke auna ɗan kaɗan su yi maganin wani ciwon gaɓoɓi. Ana bambance su da ƙirga 'yan sandunan garin fure da ke ciki: kurokus uku, kolcikum shida.

Filin nan naku in yana kusa da ruwa, ka sa tafarnuwa a Nuwamba, kasuwarta ba ta kwantai. In zuciyarka ta ƙi haƙura da za'afaran, sayi goma kawai ta hanyar da doka ta yarda, ka shuka a tukunya da hunturu, ka ɗauke ta daga ruwan sama da damina, ka rubuto mini ko nawa suka kai shekara ta biyu.